Zaki a Bakin Birni: Sharhi Kan Ziyarar Ƙaramin Gandun Namun Daji

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane: raƙumin dawa tsaye cikin ciyawa, ko karkanda tana kiwo, can bayansu kuma ga dogayen benaye na birni. Duk inda aka saka shi sai musu ya kaure. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wasu su ce ai gidan zoo ne aka yi wa faɗi. Hoton na gaskiya ne, wurin kuma ba gidan zoo ba ne. Gandun namun daji ne na ƙasar Kenya, kimanin kilomita 7 daga tsakiyar birnin Nairobi, kuma zakunan da ke cikinsa da kansu suke farautar abin da za su ci.

Ruɗani na biyu ya fi shafar matafiya. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da taro ya kai Nairobi, yana da yini guda a hannu, sai a ce masa kada ya ɓata kuɗinsa a ƙaramin gandu, wai wanda bai je Serengeti ko Masai Mara ba bai ga daji ba. Wani kuma a zuga shi, ya shiga yana sa ran cikin awa biyu zai ga duk abin da ya taɓa kalla a talabijin, ya fito yana cewa an cuce shi. Dukansu biyu ba a yi musu bayanin abin da ƙaramin gandu yake ba. An ɗauki na Nairobi a wannan sharhi ne domin a can amfanin ƙanƙanta da illarta suka fi fitowa fili.

Kalmomin da ake cakuɗawa

A bakin Bahaushe "gandun daji" na ɗauke da ma'anoni da yawa. Asalinsa yanki ne da hukuma ta keɓe saboda itatuwa, ta hana sara da noma, kamar yadda aka saba tun zamanin En'e. Gandun namun daji kuwa don dabbobi aka keɓe shi, an hana farauta a ciki ko an taƙaita ta. Idan aka ƙara da "na ƙasa", ana nufin matakin da ya fi kowanne tsauri: dokar gwamnatin tsakiya ce ta kafa shi, ba a zama a ciki, ba noma, ba kiwo, ba farauta, ba saran itace. Abin da aka halatta shi ne kallo da bincike da karantarwa. Na farko irinsa a duniya shi ne Yellowstone na Amurka, a 1872. A Afirka kuwa wanda ake kira Virunga a yau, a gabashin Kwango, shi ya fara a 1925, Kruger na Afirka ta Kudu ya biyo baya a 1926.

Yankari ta isa misali kan yadda suna ke bin mai riƙo. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, ta zama gandu na ƙasa a 1991, sannan ta koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Giwayen ba su canza ba, ruwan Wikki bai daina ɗumi ba. Dokar da ke kansu da aljihun da ake biyan ma'aikata daga ciki su ne suka sauya.

Bambancin gandu da gidan zoo ya wuce na faɗi. A gidan zoo, kamar na Audu Bako da ke Kano, dabba ce a killace, ana kawo mata abinci, mutum yana yawo a sake. A gandu dabba ce a sake, mutum ne a killace cikin mota. Babu mai yanka wa zaki akuya, babu kuma mai ba da tabbacin cewa zakin zai fito a gan shi.

Kalmar "safari" ta Suwahilanci ce, ma'anarta tafiya kawai, kuma daga Larabci ta samo asali, tushe guda da "safara" tamu ta fatake. Mu mun karkata tamu zuwa jigilar kaya, har yanzu an fi jin ta a labarin safarar ƙwayoyi da ta mutane; Turawa kuma suka karkata tasu zuwa fita farautar manyan dabbobi, daga baya ta koma fita kallonsu da ɗaukarsu hoto. Daga bakin waɗancan mafarauta ne aka gaji lissafin "manya biyar": zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Ba girman jiki aka duba ba, in da haka ne da dorina da raƙumin dawa sun shiga. Su ne biyar ɗin da suka fi hatsari ga wanda ya bi sawunsu a ƙafa da bindiga.

Saura "ƙarami". Babu wani ma'auni na doka a nan, kwatance ne. Gandun Nairobi murabba'in kilomita 117 ne. Yankari, mai kimanin 2,244, ta ninka shi kusan sau 19. Gashaka-Gumti ya ninka shi fiye da sau 50. Serengeti na Tanzaniya fiye da sau 120. Akwai kuma waɗanda ba su kai shi ba, kamar Mgahinga na Uganda mai kimanin 34, da fadamar Saiwa ta yammacin Kenya mai kimanin 3.

Yadda daji ya tsira a bakin birni

Birnin ne baƙo a wurin. An kafa Nairobi a 1899 a matsayin zangon masu shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria, kuma sunanta daga harshen Masai yake, yana nufin ruwa mai sanyi. Filayen da ke kudu makiyayar Masai ce tun kaka da kakanni, shanunsu suna kiwo gefe da gefe da jakunan dawa da bareyi. Yarjejeniyoyin 1904 da 1911 da Turawan Ingila suka ƙulla da wasu shugabannin Masai sun raba su da mafi kyawun ƙasarsu, abin da jikokinsu ba su manta ba.

Nairobi ta zama matattarar masu farautar nishaɗi. Daga can tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kutsa daji a 1909, ayarinsa ya kashe ko ya kama dubban dabbobi don gidan tarihi na Smithsonian. Da garin ya ci gaba da faɗi, gonakin Turawa suka yawaita, namun daji suka soma ja da baya. Mervyn Cowie, Bature haifaffen Kenya, ya yi shekaru yana matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba, har aka kafa gandun a watan Disamba na 1946, na farko a ƙasar. Ya kamata a riƙe abu guda daga wannan tarihi: an shata iyakar gandun ne daidai da abin da siyasa ta bari, ba daidai da inda dabbobi ke kai komo ba. Kusan duk matsalolin yau daga nan suka tsiro.

Kenya ta haramta farautar nishaɗi gaba ɗaya a 1977, saɓanin Tanzaniya da Namibiya da Afirka ta Kudu da har yanzu suke sayar da lasisinta. A cikin wannan gandu ne Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a watan Yuli na 1989, lokacin Richard Leakey na jagorantar sashen namun daji, kuma kafin shekarar ta ƙare ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. A watan Afrilu na 2016 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙona tan 105 a gandun. Akwai wurin tunawa da aka gina a inda aka yi ƙonon, yana cikin 'yan wuraren da aka yarda mai ziyara ya sauka daga mota. Hedikwatar Hukumar Kula da Namun Daji ta Kenya, wadda aka fi sani da KWS, tana bakin babbar ƙofa.

Abin da ƙaramin gandu ke iya ɗauka

Babu giwa mai yawo a sake a gandun Nairobi, don haka manya huɗu ake samu a can, ba biyar ba. Babbar giwa na iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa da ɓawon itace a yini, tana karya bishiyoyi tana tafiya, kuma garkenta na buƙatar fili mai nisan gaske. A sa garken giwaye a wuri irin wannan, cikin 'yan shekaru za su kwantar da itatuwan, sannan su nufi unguwanni.

Karkanda kuwa ƙanƙantar ce ta cece ta. Wajen 1970 Kenya na da baƙar karkanda kimanin 20,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ɓarayin ƙaho sun bar ƙasa da 400. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a tattara ragowar a ƙananan wurare da za a iya tsarewa dare da rana, inda masu gadi suka san kowace dabba da alamar da aka yi mata a kunne. Gandun Nairobi na cikin waɗanda suka fi yin nasara, har ya zama mahaifa: ana kwasar rarar da aka samu ana kai wa wasu wurare, kamar yadda aka yi a farkon 2024 lokacin da aka kai karkanda 21 Loisaba daga wurare uku, ciki har da nan. Yanzu baƙar karkanda a Kenya ta sake haura 1,000. Mai ziyara kada launi ya ruɗe shi, domin "baƙa" da "fara" duk ruwan toka ne. A leɓe ake gane su: fara mai faffaɗan baki ce, tana kiwon ciyawa a fili, baƙa kuma leɓenta na sama mai tsini ne, tana tsinkar ganye a cikin sarƙaƙiya, ta kuma fi saurin fushi.

Inda ƙanƙanta ke cutarwa shi ne wajen dabbobi masu ƙaura. Duk wanda ya san kiwo ya san mashaya kaɗai ba ta riƙe garke, sai da burtali da wurin cin damina. Haka tsarin yake a nan. An kewaye gandun da wayar lantarki ta arewa da gabas da yamma, inda yake fuskantar birni da filayen jiragen sama. Ta kudu a buɗe yake, kogin Mbagathi ne iyaka. Da rani dabbobi kan taru a ciki saboda ruwan kogin da na madatsun da aka gina. Da ruwan sama ya sauka sai jakunan dawa da nyumbu, wata dabba mai ƙirar saniya da gemu, su tsallaka kudu zuwa filayen Kitengela da Athi-Kapiti, inda ciyawa ke da gajarta da ƙarfi, su haihu a can. Wannan fili ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma kusan dukkansa mallakar mutane ne. Gandun da ke kan taswira, a taƙaice, mashayar rani ce ta wani babban daji da ba shi da kariyar doka.

A shekarun 1980 aka rarraba makiyayar haɗin gwiwa ta Kitengela zuwa filayen ɗaiɗaikun mutane. Daga nan sayarwa ta kankama. Garuruwan Kitengela da Ongata Rongai suka tumbatsa, ga masana'antun siminti a Athi River, ga gonakin furanni, ga wuraren fasa dutse, kowane mai fili kuma ya ja wayarsa. Nairobi da kanta ta kai mutum miliyan 4.4 a ƙidayar 2019. Nyumbu da ake ƙirgawa da dubun dubata a wannan yanki a shekarun 1970, yau kaɗan suka rage. Ba harbi ne ya fi rage su ba. Burtalinsu aka toshe.

Akwai illa ta biyu da ido ba ya gani. Zakunan gandun 'yan gomomi ne. Idan baƙon namiji ba ya iya shigowa, matasa kuma ba sa iya fita, dangi za su yi ta barbarar juna, jini ya raunana. An ga hakan a zakunan kwarin Ngorongoro na Tanzaniya, waɗanda suka fito daga 'yan tsirarun da suka tsira daga annobar ƙudaje masu cizo a 1962.

Gardamar shinge

Tambayar da ta fi raba kan masana da mazauna yankin ita ce: a rufe kudu ko a bar ta? Ta sake tasowa da ƙarfi a 2020, lokacin da daftarin shirin shekara goma na KWS ya kawo batun shinge a wannan ɓangare.

Masu son shinge suna da hujjoji masu nauyi. A 2013 Craig Packer, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin zakunan Serengeti, shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa zakuna sun fi cika wuraren da aka kewaye, kuma da kuɗi kaɗan ake kula da su idan aka kwatanta da wuraren da ke buɗe. Suna kuma nuna Akagera ta Ruwanda. Bayan yaƙin 1994 an yanke fiye da rabinta aka ba 'yan gudun hijira da suka dawo da shanunsu, zakuna suka ƙare ƙaf. Gwamnati ta haɗa hannu da ƙungiyar African Parks a 2010, aka ja shingen kilomita 120 ta yamma, aka dawo da zakuna bakwai daga Afirka ta Kudu a 2015, baƙar karkanda ta biyo baya a 2017. A ganinsu ƙaurar Kitengela ta riga ta mutu, kuma barin ƙofa a buɗe saboda abin da ya wuce sayar da ran mutane da na zakuna ne a banza.

Masu adawa, ciki har da Scott Creel da wasu masana da suka mayar da martani a shekarar, sun ce yawancin wuraren da aka kewaye ƙanana ne, zakunansu kaɗan, kuma hannun mutum ne ke riƙe da su: a rage wannan, a kawo wancan, a hana wata haihuwa. Sun ƙara da cewa wayar shinge kan koma tarko a hannun mafarautan sata. Gandun Tafkin Nakuru, mai murabba'in kilomita 188 kuma kewayayye ta ko'ina, ya amfani karkanda, amma ɓauna ta yi masa yawa, kuma da ruwan tafkin ya ƙaru a shekarun 2010 ya cinye wani ɓangare na makiyaya, dabbobin ba su da inda za su matsa. Su ma Masai da dama da ke kudu ba sa son shingen, domin wasunsu sun keɓe filayensu don namun daji suna samun kuɗin baƙi, shinge kuma zai yanke su daga abin da suka dogara da shi.

Mai wannan sharhi ya fi karkata ga barin kudu a buɗe, domin ranar da aka rufe ta, masu cewa gidan zoo ne aka yi wa faɗi za su fara yin gaskiya. Sai dai wannan ra'ayi ba shi da daraja idan mai shi bai yarda a biya waɗanda ke kwana da zaki a bayan garkensu ba.

Gwamnati ma ta ci nata rabon daga gandun. Hanyar mota da ta kewaye birnin ta kudu ta gutsiri gefensa, sannan layin dogo na zamani da ya nufi Naivasha, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2019, ya ratsa tsakiyarsa a kan gada mai tsawon kusan kilomita 6. Masu kare muhalli sun kai ƙara, gwamnati ta ce zagayewa ya fi tsada kuma zai rushe gidajen jama'a. Dabbobi na wucewa ta ƙarƙashin gadar, amma an riga an nuna cewa ƙasar gandu abin taɓawa ce idan buƙata ta taso.

Maƙwabtan zaki

A watan Yuni na 2012 makiyaya a Kitengela suka kashe zakuna shida a dare guda bayan sun faɗa wa dabbobinsu. A 2016 zakuna suka yi ta fitowa cikin unguwanni, har ma'aikatan KWS suka harbe wani sanannen namiji da ake kira Mohawk a Isinya bayan ya raunata wani mutum da ke cikin taron da ya kewaye shi. A watan Afrilu na 2025 zaki ya kashe yarinya 'yar shekara 14 a wani gidan gona da ke maƙwabtaka da gandun. Dokar namun daji ta 2013 ta tanadi diyyar shilin miliyan 5 ga iyalan wanda dabba ta kashe, amma biyan kan ɗauki shekaru, kuma jinkirin nan ne ke sa makiyayi ya ga gara ya ɗauki mashi ko guba.

An gwada hanyoyin sulhu. Daga 2000 aka soma biyan masu filaye a Kitengela shilin 300 kan kowace eka a shekara, bisa sharaɗin ba za su kewaye filin ba, ba za su yanka shi su sayar ba, ba kuma za su kashe namun daji ba. Kuɗin ya taimaka wa iyalai wajen biyan makaranta, sai dai bai kai ko kusa da abin da dillalin filaye zai miƙa ba, kuma ya dogara da masu ba da tallafi. Wata dabarar daga wani yaron Masai na yankin ta fito, Richard Turere, wanda tun bai wuce shekara 13 ba ya lura zaki na tsoron haske mai motsi. Ya haɗa ƙwayayen fitila da batirin mota da faifan sola, suna walƙiya ɗaya bayan ɗaya a kewayen garke kamar mutum na zagaye da tocila. Yau ana amfani da fitilun a wurare da dama.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Hausa da kewayenta. Mafi yawan raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suna yankin Kure, gabas da Yamai, ba a cikin gandu na ƙasa ba, a tsakiyar gonakin gero da wake suke. A 1996 saura 49 suka rage. Da aka jawo manoma cikin aikin kare su, suka haura 600. Raƙumin dawa dai wake yake ci ba saniya ba, don haka haƙurin da ake nema daga makiyayin Kitengela ya fi nauyi.

Ranar ziyara

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 6 na safe, a rufe da 6 na yamma. Da yake Nairobi na kusa da tsakiyar duniya, fitowar rana ba ta sauyawa sosai duk shekara, wanda ya yi sallar asuba ya kama hanya zai isa daidai. Wannan sammako shi ne rabin ziyarar, domin zaki da dare da sanyin safiya yake aiki, da rana ta ɗaga sai ya nemi inuwa ya kwanta cikin ciyawa mai launinsa. A tafi da rigar sanyi: wurin ya haura mita 1,500 a saman teku, safiyar Yuli na iya tuna wa mutum hunturu.

Awa huɗu zuwa biyar sun isa a zagaya mafi yawansa. Jakin dawa, raƙumin dawa, ɓauna, jimina, gadu, kanki da bareyi kusan tabbas ne. Karkanda ma akwai kyakkyawan zato, fiye da a manyan gandaye da yawa. Zaki sa'a ce mai yawan zuwa, damisa kuwa sa'a ce mai wuya. Dorina da kada suna gaɓar Mbagathi, inda akwai 'yar hanyar ƙafa da ake bi tare da ma'aikaci mai bindiga. Tsuntsaye sun haura nau'i 400, har da masu zuwa daga Turai, kuma wanda ya tafi da madubin hangen nesa ya fi wanda bai tafi da shi ba morewa nesa ba kusa ba.

Dokokin ba su da yawa: ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka ware, ko da don alwala ko salla ne, ba a barin hanya a kutsa ciyawa, ba a ba dabba abinci, ba a wuce gudun kilomita 40 a awa, kuma tun watan Yuni na 2020 an hana shiga da robobin da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya. Kuɗin shiga hawa-hawa ne, na ɗan ƙasa daban na baƙo daban, ta intanet ake biya, kuma yakan sauya, don haka a duba kafin a fita. A manyan watannin ruwa, Maris zuwa Mayu, baƙar ƙasar wurin kan zama taɓo mai kama taya, sai mota mai ƙarfi.

Abin da ya fi ɓata ƙananan gandaye shi ne cunkoso. Direbobi na kiran juna ta rediyo, da an ga zaki sai motoci su yi masa zobe, wani lokaci har su tare masa hanyar farauta. Direba na yin haka ne don ya san tukuicinsa na rataye da zakin. Baƙon da ya ce masa tun farko ba ya son a matsa wa dabba ya sauke masa wannan nauyi.

Kada a cakuɗa gandun da wuraren da ke gefensa. Akwai gidan marayun dabbobi na KWS a bakin ƙofa, wanda dabbobinsa a killace suke. Akwai kuma wurin renon 'ya'yan giwa marayu na gidauniyar Sheldrick, wadda Daphne Sheldrick ta kafa a 1977. Ana buɗe shi awa guda kafin azahar ga waɗanda suka yi rajista tun da wuri, kuma idan 'ya'yan giwar suka tasa gandun Tsavo ake kai su. Mai son ganin garken giwaye a sake sai ya ƙara tafiyar awa huɗu ko biyar zuwa Amboseli. Mai son ganin dubban nyumbu na tsallaka kogi sai Masai Mara, tsakanin Yuli da Oktoba.

Inda al'amarin ya dosa

Idan aka ci gaba a yadda ake, babu buƙatar gwamnati ta ja shinge ta kudu. Masu filaye za su ja shi da kansu, fuloti bayan fuloti. Karkanda da raƙumin dawa da ɓauna za su ci gaba da rayuwa a ciki, baƙi za su ci gaba da zuwa, yaran makarantun Nairobi, waɗanda da yawansu nan ne kaɗai dajin da iyayensu ke iya kai su, za su ci gaba da cika motoci. Amma jakunan dawa za su ragu, zakuna za su ƙara karkata ga shanu kafin a rufe su gaba ɗaya, daga nan kuma sai an riƙa shigo da maza daga wasu gandaye a mota don sabunta jini, kamar yadda ake yi a ƙananan wuraren Afirka ta Kudu.

Ɗaya hanyar ita ce a sayi ko a yi hayar burtali na dindindin, a ƙarfafa filayen da al'ummar Masai suka keɓe, a kuma hana yanka ƙasa ƙanana-ƙanana a yankin. Gwamnatocin Kenya sun sha yin alkawarin haka. Tsadarsa na ƙaruwa kowace shekara, domin farashin fili a bakin Nairobi ba ya sauka.

Yawancin direbobi kan tsaya a arewacin gandun, inda ake samun hoton nan na raƙumin dawa da benaye. Wanda ke da sauran lokaci ya nemi a kai shi can ƙasa, gaɓar Mbagathi, ya dubi tsallake. A wasu wuraren zai ga fili shimfiɗe, shanun Masai da jakunan dawa suna kiwo kusa da juna. Idan motar ta ƙara gaba kaɗan zai fara ganin rufin kwano da turakun waya.